Ummi, Kada Ki Jira Mota Ta Cika

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jin ƙai.

Zuwa ga Ummi, 'yata mai sunan mahaifiyata,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ki gaisuwar uban da bakinsa ke nauyi in an zauna ido da ido. Allah Ya sa takardar nan ta same ki kin sauka Ungogo lafiya, kin sha ruwa, kin huta gajiya, kin gaida Gwaggonki Rabi. Na san kafin ki cire hijabi ta sa an buɗe akwatinki a tsakar gida don ta ga abin da muka haɗo ki da shi. Ki yi haƙuri da ita, ƙanwata ce, tun tana ƙarama haka take. Allah Ya tsare ki a tafiya, Ya tsare ki a zama, Ya haɗa ki da mutanen kirki a hanya da kuma makaranta.

Ina rubuta miki ne a tasharmu ta Bagwai, na ɗora littafin rubutu a kan sitiyari. Motoci biyu ne a gabana a layi, kuma yadda fasinja ke zuwa ɗai-ɗai yau, ban ga alamar za a zo kaina kafin la'asar ba. An yi ruwa da hantsi. Darbejiyar da nake fakewa a ƙarƙashinta tana ta ɗiga a kan gilashi, ƙanshin jiƙaƙƙiyar ƙasa ya cika motar, daga nan kuma ina hango geron bayan tasha ya fid da kai yana rausaya. A irin wannan lokaci direba ba barci yake ba, ba kuma a farke yake ba. Shekara ashirin da ɗoriya ina wannan zama, kuma yawancin tunanin da na yi a duniya a nan na yi shi, ina jiran mutanen da ban sani ba su zo su cika mini kujeru.

Sau uku kika yi mini bayanin tsarin makarantarku kafin ya shiga kaina. Mako uku ana karatu ta waya, kowa a inda yake. Mako na huɗu kowa ya hallara a aji, a shiga ɗakin gwaje-gwaje a yi aiki da hannu. Wanda ya rasa makon aji biyu a zango guda, shekararsa ta tafi, sai ya maimaita. Kika ce mini, fuskarki cike da murna, "Baba, ai abin ya zo da sauƙi. Mako ɗaya kawai zan riƙa yi wurin Gwaggo. Sauran ukun ina gida, ina taya Inna aiki, ina karatuna a waya." Washegari na ce miki a'a, za ki zauna Ungogo har zangon ya ƙare. Na ga yadda idonki ya kawo ruwa. Kika ce, "Baba, korata ake yi?" Na ce ki je ki haɗa kayanki, na fita zaure kamar mai abin yi. Ba ni da abin yi a zaure, Ummi. Amsar ce ta yi mini nauyi, ga ta nan kuma yau zan ba ki.

Innarki ta taɓa yin irin karatun nan naki. Kina goye a lokacin, shi ya sa ba ki sani ba, mu kuma ba mu taɓa tayar da zancen a gabanku ba. Tana koyar da yara a firamaren ƙauyenmu da takardar sakandare kawai, sai aka zo da wani karatun malanta da ake yi daga gida. Babu irin wayoyin nan a lokacin. Littattafai ake ba su, manya masu shuɗin bango, su karanta a ɗaki, ranar Asabar su je wata cibiya a cikin Kano malami ya warware musu abin da ya shige duhu, ƙarshen shekara kuma su rubuta jarrabawa a can. Kin ga abin da kuke kira sabon tsari tsohon abu ne, waya kawai aka rataya masa. Ni na ƙarfafa mata gwiwa ta shiga. Har cika baki na yi a majalisa, na ce matata ba za ta san wahalar hanya ba tunda mijinta ne mai mota.

Kuskurena na farko da damina ya zo. Na kira gayya a gonar kakanki don noman maimai, na sa ranar Asabar saboda ita ce ranar da mazan gari ke da sarari. Da na faɗa mata sai ta ce, "Malam, Asabar fa ina da cibiya." Na ce, "Haba, littattafan ai suna nan a ɗaki, ƙafa gare su da za su gudu? Wa zai tuƙa wa mutane tuwo?" Ranar gayyar ta zo. Da azahar na dawo ɗaukar abinci, na tarar da ita a bakin murhu cikin hayaƙi, muciya a hannu, ke a baya, littafin a buɗe kan kifaffen turmi ta danne shi da dutse don iska. Har yaba mata na yi a raina, na ce ka ga mace mai ƙoƙari. Ban ga cewa na buɗe ƙofar da ba za ta sake rufuwa ba. Daga ranar kowa ya gane Asabar ɗinta abar roƙo ce. Yau suna, gobe ta'aziyya, jibi baƙi daga Shanono. Har tsohuwata mai sunanki, Allah Ya jiƙanta, takan aiko a ce ta zo sussuka, in an ce tana karatu ta ce, "Wane irin karatu ne mutum yana zaune a gidansa?"

Mutanenmu ba sa yarda mutum ya tafi sai sun ga ya hau mota da akwati. Muddin suna jin motsinki a tsakar gida, to kina nan, kuma wanda yake nan aikensa ake yi. Ba mugunta ba ce, haka muka tashi. Don haka ko a gidan Gwaggonki, makon waya ki ɗauke shi makon makaranta sosai. Ki yi wanka, ki sa kayan fita, ki zauna wuri ɗaya da kowa ya san nan ne ajinki, ki faɗi lokacin shiga da na tashi. Na riga na ja kunnen Gwaggon. Ta ce, "Yaya, ni za ka koya wa riƙon 'ya?" Amma ta ji, na san ta. A can kuma akwai sabis a cikin ɗaki. Nan ƙauyenmu kin san sai kin hau tudun bayan firamare kin tsaya gindin kuka kina ɗaga waya sama, in hadari ya taso kuma shi ke nan malamin ya ɓace a tsakiyar magana.

Bari in ba ki labarin hanya, tunda ita kaɗai na yi wa dogon karatu. Da can mu direbobi mun fi wasu iyaye sanin ranar komawa makaranta. Ranar tasha takan cika tun da sassafe: akwatunan ƙarfe, katifu a naɗe, bokitai, ƙullin ƙuli-ƙuli da yaji, uwaye a tsaye gefe suna ta maimaita nasiha ɗaya. Kafin shayinka ya huce mota ta cika. Mu ɗauki hanyar Bichi rana tana fitowa, gonaki na wucewa dama da hagu, gawo da ɗorawa a tsaitsaye cikin raɓa, yaran nan suna ta surutu a baya har barci ya kwashe su ɗaya bayan ɗaya. Nakan ji kamar dukkan ƙauyukanmu na ɗauko zan kai su wani wuri mai haske. Sai ƙarshen zango mu je mu kwaso su, sun rame, sun yi wayo, suna ta zuba Turanci.

Yanzu ba haka ba. Ɗalibi kan zo shi kaɗai ranar Talata da hantsi, jaka ɗaya a baya, ya ce jiya aka turo saƙo an dawo da aji yau ƙarfe goma sha biyu. Ya shiga motar da ba kowa a ciki ya zauna, ya dubi waya, ya dube ni, ya sake duban waya. Kowace makaranta da nata makon, kowane aji da tasa ranar. Tafiyar ta ƙaru amma ta warwatse, mu kuma tsarinmu na nan yadda muka gada: motar da ke kan layi ba ta tashi sai ta cika. Wanda ya tashi da kujera a buɗe sai a ce ya ɓata tsari, a yi mako ana yi da shi a kan benci. Na taɓa kai wa shugaban tasharmu shawara a ware mota guda mai tashi ƙarfe shida, ko mutum nawa ne a ciki, saboda ɗalibai. Ya kalle ni ya ce, "Sale, ko kai ma ka shiga karatun wayar ne?" Aka yi ta dariya, ni ma na taya su. Amma har yau in ina gyangyaɗi a nan nakan ga motar nan a raina, fara tas, tana fita daga tasha da sanyin safiya, rabin kujerunta ba kowa, iska na shiga ta tagogi.

Tunda wannan farar motar ba ta zo ba tukuna, ke za ki yi wa kanki tsari. Ki rubuta makon aji a takarda ki manna a bango, kada ki bar shi a waya kaɗai, waya caji take ci. Daga Ungogo adaidaita sahu ba ya jiran mutum goma sha takwas, da uku ko huɗu ya tashi, amma safiyar birni da cunkoso take zuwa, don haka ki fita da ratar awa guda ko da za ki je ki zauna ke kaɗai a bakin aji. Ki nemi 'yan ajinku na wajenmu, na Bagwai da Shanono, ku san juna. In hutu ya zo ku haɗu ku yi magana da direba ɗaya, ku zama ku ne cikon motar. Ki san ranakun kasuwa na hanyarmu, don a ranakun ne kawai mota ke cika da wuri. Duk abin da za a yi ranar Litinin kuma, Lahadi ta same ki a garin da za a yi shi.

Wannan na ƙarshen da tsada na koye shi. A shekara ta biyu ta karatun Innarki, wata Juma'a da yamma hadari ya haɗu a gabas baƙi ƙirin. Ta ce, "Malam, da ka kai ni wurin Rabi yau na kwana, gobe sai in wuce cibiya daga can." Na ce hanyar nan na san ta kamar yunwar cikina, ta kwantar da hankalinta. Da safe muka iso rafin da ke tsakanin ƙauyenmu da kwalta, muka tarar ya shafe kwalbatin gaba ɗaya. Na ce mu ba shi awa guda ya janye. Na kashe mota. Ruwan ja ne, yana tafe a hankali da karan dawa da ganyaye a kansa, balbelu sun jeru a ɗaya gaɓar kamar su ma jira suke. Kina barci a cinyarta. Ta buɗe littafi tana karantawa a fili, ƙasa-ƙasa, wani darasi kan yadda yaro ke koyon magana. Rana ta fito ta haska ruwan. Ummi, Allah Ya yafe mini, daɗi na ji. Ban taɓa samun Innarki ni kaɗai ba kira ba aike irin na ranar ba, na kuma yi fatan ruwan ya daɗe. Ya daɗe kuwa, sai bayan azahar muka juya gida.

Ki riƙa duban sama kafin ki dubi agogo, in damina ce. Kada ki yarda da wanda ya ce miki ya san hanya, ko da Babanki ne, domin rafi bai san direba ba. In zuciyarki ta ce ki tafi yau, ki tafi yau ɗin.

Yanzu ga babban. Na daɗe ina kewaye shi kamar yadda nake kewaye ramin kwalta, amma dole in faɗa ciki.

Ƙarshen shekarar nan ta biyu aka sa musu jarrabawa wata ranar Asabar ƙarfe goma na safe. Wanda ya rasa ta sai ya maimaita shekara. Innarki ta sake roƙona in kai ta wurin Rabi tun Juma'a. Na ce ba buƙata, ni ne na farko a layi gobe, ita ce ma za ta zauna a gaba kamar matar gwamna. Muka yi sallar asuba muka fito. Ƙarfe shida muna tasha. Ba ranar kasuwa ba ce, na sani, amma na ce Allah zai kawo. Zuwa ƙarfe bakwai mutum goma sha huɗu sun shiga, saura kujera huɗu. Daga nan ƙafa ta ɗauke ɗif.

Tana zaune a gefena, kina kan cinyarta kina wasa da bakin hijabinta, littafin a rufe a hannunta. Ta ce, "Malam, bakwai da rabi." Na ce, "Yanzu za su zo." Wani dattijo a baya, ban san shi ba, ban kuma sake ganinsa ba, ya ce, "Direba, mu tafi mana. Baiwar Allahn nan na ji jarrabawa gare ta." Na kai hannu kan makulli. Wallahi na kai. Sai ɗan kamasho ya leƙo ta taga ya ce, "Sale, ka dai san ƙa'ida." Na ɗaga ido na ga abokan aikina a jere kan benci da kofunan shayi, duk sun zuba mini ido, ɗaya har yana murmushi. Ba kujerun ne suka riƙe ni ba, Ummi, kada ki bari kowa ya gaya miki haka. Tsoro na ji kada a ce Sale mijin-ta-ce ne, matarsa ta ce tashi ya tashi. Na janye hannuna, na fito na tsaya a bakin mota ina ƙwala kiran "Kano! Kano!" kamar ƙarfin murya ne ke haifar da fasinja.

Sai takwas da rabi ta wuce wasu mata suka zo da kwandunan tumatir, aka ɗaure, muka tashi. Na yi gudun da ban taɓa yi da mutane a mota ba. Dattijon nan yana ta salati a baya. A bakin birni muka faɗa cunkoso, na yi ta danna hon kamar mahaukaci. Da na sauke mutane na kai ta cibiyar, goma da minti arba'in ta yi. Na tsaya daga bakin ƙofa ina kallo. Ta goya ki, ta taka har barandar ajin, ta yi magana da wani malami mai farar riga. Na ga yana girgiza kai yana nuna mata agogon hannunsa. Ba ta roƙe shi da yawa ba. Ta ɗan tsaya a jikin taga tana kallon 'yan uwanta sun sunkuya suna rubutu, ke kuma kina miƙa hannu kina son kama ƙarfen tagar. Sannan ta juyo. Na shirya jin kowace irin magana, na ma fi son ta zage ni. Ta buɗe ƙofa ta zauna, ta ce, "Mu koma, Malam, yarinya ta sha rana."

Muka iso gida. Ta sa littattafan a ƙasan akwati, ta ɗora zannuwa a kai. Bayan shekara biyu aka ce duk malamin da ba shi da takardar malanta ya ba da wuri, ta dawo gida. Yaran da ta koya wa baƙi da wasali har yau in sun gamu da ita a hanya Malama suke ce mata, takan amsa ta kuma yi saurin wucewa.

Kada ki ɗauka ranar ce ta kashe karatun. Ana iya maimaita shekara, mutane da yawa sun maimaita sun gama. Abin da ya kashe shi ya fi wannan laushi. Da shekara ta zagayo ta ce mini, "Ko in sake gwadawa?" Na ce ta bari a yaye ki. Da aka yaye ki na ce ta bari a yi girbi. Bayan girbi aka samu cikin ƙaninki. Ban taɓa hana ta ba, ko sau ɗaya, kullum cewa nake ta bari sai an jima. Gaskiyar ita ce ina son in dawo daga hanya da ƙurar tafiya a jikina in yi sallama in ji muryarta ta amsa. Ina son hayaƙin murhunta, ina son in ga fitilar ɗakinta. Son nan ne na yi ta naɗe ta da shi a hankali har ta daina tambaya. Na fi tsoron wannan hali nawa a kan rafi da layin tasha baki ɗaya, domin shi ba ya kama da laifi ko kaɗan.

Ranar da kika ce za ki riƙa yin mako uku a gida, irin daɗin nan na bakin rafi ne ya taso mini, shi ɗin dai, ban manta ɗanɗanonsa ba. Nan take na fara ganinki a raina kina shara da safe, kina kawo mini kunu, kina zaune gindin kuka da wayarki iska na kaɗa hijabinki. Har na buɗe baki zan ce Allah Ya yi miki albarka, haka za a yi. Da kika shiga ɗaki, Innarki tana tsince shinkafa a faranti, ba ta ko ɗago kai ba ta ce, "Malam, a bar ta ta tafi gaba ɗaya." Shekara goma sha takwas ba ta taɓa tayar mini da zancen ba, ko a cikin faɗa. Iyakar abin da ta ce ke nan, ta ci gaba da tsintarta. Don haka a'ar da kika ji daga bakina tata ce, ni aron baki kawai na yi mata.

To ga abin da nake so ki riƙe, ki kuma karanta shi sau biyu. Na san kaina. Zan kira ki. Ba wannan makon ba, wataƙila ba wannan watan ba, amma in aka fara yankan gero, gida ya cika da sabon hatsi, na duba inda kike zama na ga ba kowa, zan ɗauki waya. Zan ce, "Ummi, ba makon waya kuke ciki ba? Ki zo mana ko kwana biyu ne, ni da kaina zan mayar da ke ranar Litinin da sassafe." Muryata za ta yi laushi. Ina iya cewa bayana na ciwo, kuma ba ƙarya zan yi ba, yana ciwon. Ina iya cewa ƙannenki na tambayarki. A lokacin zan manta duk abin da na rubuta a nan, ko in yi kamar na manta.

Mun tarbiyyantar da ke a kan ba a ce wa uba a'a, kin kuma riƙe, ban taɓa kiranki sau biyu ba. Yau ni da hankalina, da rana tsaka, ba wanda ya tilasta ni, na ba ki izini: in na kira ki a tsakiyar zango na ce ki zo, ki ce mini a'a. Ba saɓo kika yi ba, ba kuma za ki rasa albarkata ba, duniya da lahira. In na yi fushi, ki bar ni da fushina, zai huce kafin in kai Bichi. In na matsa, ki ce, "Baba, takardarka tana hannuna." In wani abu na gaske ya faru da ya wajaba ki zo, Innarki ce za ta kira ki. Kiranta kaɗai za ki amsa da ƙafa. Nawa ki amsa da gaisuwa, ki tambaye ni hanya, ki ba ni labarin abin da kuka gani a ɗakin gwaje-gwaje ko ban gane ba, sannan ki ce mini sai an yi hutu.

An fara lodin motar da ke gabana, dole in matsa. Ki gaida Gwaggonki da maigidanta da yaran gidan. Ki riƙe sallarki a kan lokaci, ki yi addu'ar hawa abin hawa ko tafiyar ta kusa ce, ki zauna inda mata suke, kada ki hau motar da direbanta ke waya yana tuƙi. Allah Ya kai ki kowane aji kafin a rufe ƙofa. Allah Ya tsare gabanki da bayanki, Ya buɗa miki abin da kika je nema, Ya dawo mana da ke lafiya a ranar da ya kamata ki dawo, ba ranar da Babanki ya yi kewarki ba. Amin.

Wassalamu alaikum.

Ni ne Babanki,
Sale direba